Masaukan ƙololuwar tsauni: sola ba ita ce babbar matsalar ba

A ƙarshen watan Agustan 2022, wani ɗan ƙaramin masauki da ake kira Fourche, wanda ke maƙale a kan wani siririn dutse sama da mita 3,600 a tsaunin Mont Blanc, kan iyakar Faransa da Italiya, ya rufta. Iska ba ta kwashe shi ba, gobara ba ta ci shi ba. Dutsen da aka kafa shi a kai ne ya ɓalle, ya gangara da shi har kan kogin ƙanƙarar Brenva da ke can ƙasa. Allah ya taƙaita, babu kowa a ciki.

Wannan shi ne abu na uku da ya faru a tsaunin a bazarar shekarar. A watan Yuli, masu kula da masaukin Gonella a ɓangaren Italiya sun rufe ƙofa saboda ruwa ya ƙare musu ƙaƙaf, a wurin da duk inda ka duba ƙanƙara ce. A farkon Agusta kuma magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, ya sa aka rufe masaukan Goûter da Tête Rousse, domin duwatsu na ta zubowa a kwazazzabon da dole mahaya su ratsa kafin su isa Goûter. Shi Goûter ɗin nan kuwa ginin zamani ne, ɗaya daga cikin waɗanda ake buga misali da su idan ana maganar ginin da ba ya cutar da muhalli. Ginin lafiyarsa lau. Hanyar zuwa wurinsa ce ta zama tarkon mutuwa.

Na fara da waɗannan ne don idan aka zo batun gina masauki mai ɗorewa a kan tsauni, hoton da ake fara nuna wa mutum shi ne bango mai ƙyalli da farantan sola. Ni kuwa a ganina wutar lantarki ita ce ɓangaren da aka fi samun nasara a kai, kusan ma an gama da ita. Abubuwan da ke hana masu zanen gini barci su ne ƙasar da za a dasa ginin, ruwan da za a sha, bayan gidan da za a yi, da yawan mutanen da za su zo. Waɗannan huɗu ba a saye su a kasuwa.

Ga wanda bai saba da al'adar ba, masaukin tsauni gida ne da ake ginawa a inda mota ba ta zuwa, domin mai hawan dutse ya kwana, ya ci abinci mai zafi, ya tashi cikin dare ya nufi ƙololuwa kafin rana ta sassauta ƙanƙara. Ƙungiyar masu hawan tsauni ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1863, ta gina masaukinta na farko, Grünhorn, a wannan shekarar, kuma yau tana da sama da 150. Na farkon nan bango ne kawai na duwatsun da aka tsinta a wurin. Manyan na yanzu suna kwanar da mutum sama da ɗari, da mai kula da gida da masu girki. Akwai kuma ƙananan da ba kowa a cikinsu, akwati ne mai gadaje da barguna, ƙofarsa ba a kulle ta, saboda wanda guguwa ta ritsa da shi.

Duk mita dubu da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri shida da rabi. A tsayin Goûter, mita 3,835, ruwa na tafasa tun bai kai digiri 90 ba, don haka wake ko shinkafa sai an jira. Iskar ta yi siriri, janareta ba ya ba da ƙarfin da yake bayarwa a ƙasa, ma'aikaci na haki bayan ya ɗaga katako biyu, shi ma jirgi mai saukar ungulu nauyin da zai iya ɗauka raguwa yake yi. Lokacin aiki 'yan watanni ne a shekara, a cikinsu ma akwai ranakun da hazo ko iska ke hana jirgi tashi. Saboda haka gini a can ba a fara shi da tambayar yaya zai yi kyau. Ana fara shi da tambayar kilo nawa jirgi zai ɗauka a sawu ɗaya. Daga wannan lambar ake yanka komai, bango da rufi da matakala, a haɗa su a masana'anta a cikin kwari, a sa wa kowane lamba, jirgi ya riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya, kafintoci sanye da igiyar tsaro suna karɓa suna ɗaurewa.

Mai karatu zai iya cewa, ga dutse nan birjik a wurin, me ya sa ba za a yi gini da shi ba kamar yadda mutanen da suka yi? Tambaya ce mai kyau, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya san amfanin nauyi: da rana sanyi, da daren hunturu ɗumi. A Ladakh, can arewacin Indiya, da wannan dabarar ake ɗumama gidaje da makarantu. Ana gina bangon kudu da tubalin ƙasa ko dutse, a shafe shi da baƙin fenti, a sa gilashi a gabansa, rana ta gasa shi yini guda, da dare ya riƙa sakin zafin cikin ɗaki. Amma can mutane na zaune a gidan kullum, kuma rana ba ta yi musu rowa. Masaukin da ke tsaunukan Alps na Turai yakan yi watanni a rufe. Bangon dutse da ya sha sanyin hunturu sai an yi kwanaki ana ƙona mai kafin ya yi ɗumi, kuma a kwanakin nan gumi yake yi, barguna su jiƙe. Ga siminti da yashi da ruwan kwaɓi, duk sai an ɗauko su. Bangon katako mai cike da abin tare sanyi kuwa ba ya da nauyi, kuma cikin sa'o'i kaɗan ɗaki ya ɗauki zafi. Shi ya sa kusan duk sababbin masaukan suka zama katako a ciki, ƙarfe ko alminiyam a waje.

Akwai wani murhu da ba a cika lissafa shi ba, wato jikin mutum. Mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafi kusan wat ɗari. Mutum 120 a ɗakin cin abinci sun kai injin ɗumama ɗaki mai ƙarfi. Idan bango ya toshu da kyau, baƙin da kansu za su ɗumama gidan. Sai dai suna zuwa da wata matsala. Ka shiga ɗakin ajiye takalma na irin wannan masauki da yamma: manyan takalma jere a kan kanta suna ɗigar ruwa, safa da riguna rataye suna tururi, igiyoyi a jiƙe, gilashin taga ya yi gumi har yana zuba. Ƙara da numfashin mutum ɗari da tururin tukwane. Wannan danshin idan ya kutsa cikin bango ya haɗu da sanyi, ruwa zai koma, ya daskare, ya narke, ya ruɓar da katako daga ciki ba tare da kowa ya gani ba. Buɗe taga kuma zubar da zafin da aka tara ne. Maganin da aka samo shi ne na'urar da ke fitar da gurɓatacciyar iska ta wani bututu, ta shigo da sabuwa ta wani, su biyun su goga juna ta bayan siririn faranti, mai fita ta bar wa mai shigowa zafinta. Aiki ne mai kyau, amma fanka ce, tana cin wuta, tana kuma lalacewa a inda makaniki mafi kusa sai ya hau jirgi.

Wanda ya haɗa duk waɗannan dabaru wuri guda, har ya zama abin kwatance, shi ne sabon masaukin Monte Rosa, kusa da garin Zermatt a Suwizalan, mita 2,883. Jami'ar fasaha ta ETH da ke Zurich ce ta ɗauki aikin tare da ƙungiyar masu hawan tsauni, a matsayin abin tunawa da cikar jami'ar shekara 150, ƙarƙashin jagorancin masanin zanen gini Andrea Deplazes da ɗalibansa. An buɗe shi a watan Satumban 2009. Hawa biyar ne, gadaje 120, an lulluɓe shi da alminiyam mai kusurwoyi da yawa, har ake masa laƙabi da lu'ulu'un dutse. Kuɗinsa ya kai kimanin faran miliyan 6.5 na Suwizalan. Sassan katako 420 aka haɗa a ƙasa, kuma jirgi ya yi sawu kusan 3,000 kafin a gama.

Abin da ke burge ni a ginin ba ƙyallinsa ba ne, yadda kowane ɓangare ke aiki biyu ne. Bangon kudu an karkata shi ya fuskanci rana, an shimfiɗe shi da farantan sola, kuma sola ta fi ba da wuta a can fiye da cikin gari, domin sanyi na ƙara mata ƙarfi, iska ba ƙura, ƙanƙara kuma na dawo da haske kamar madubi. Matakalar gidan na zagaye jikin bangon waje, da doguwar taga tana bin ta, ta yadda duk inda rana ta juya sai ta sami hanyar shiga, zafin ya bi matakala ya hau zuwa ɗakunan kwana. Ruwa kuwa, an haƙa kogo a cikin dutse a saman masaukin, mai cin lita 200,000. A 'yan makonnin da ƙanƙara ke narkewa ake cika shi, sannan ruwan ya riƙa gangarowa da kansa, ba famfo ba inji. Ruwan da aka yi amfani da shi ana tace shi a ƙasan ginin, a mayar da shi ban-ɗaki don kora. An kuma tsara cewa kwamfuta za ta riƙa duba hasashen yanayi da adadin baƙin da suka kama gado, ta san lokacin da za ta adana wuta da lokacin da za ta saki. Burin shi ne gidan ya samar wa kansa kashi 90 cikin ɗari na makamashin da yake buƙata, sauran kuma wani inji mai aiki da man tsiro ya cike.

Lissafin ya yi daidai a takarda. An gina shi a kan cewa za a sami kwanan baƙi kimanin 6,500 a shekara. Da hotunan ginin suka bazu a jaridu, sai mutane suka yi ca. A shekarun farko kwanan baƙi ya haura 10,000, kuma da yawansu ba ƙololuwa suka nufa ba, ginin suka zo gani. Kowane ƙarin baƙo ƙarin shayi ne, ƙarin wanke-wanke, ƙarin kora ruwa a ban-ɗaki. Matatar ruwan datti ta yi aikin da ya fi ƙarfinta, ta ci wuta fiye da yadda aka tsara, injin da aka ajiye don ko-ta-kwana ya koma aiki akai-akai, man da yake sha kuma jirgi ke kawowa. Sai da aka yi gyare-gyare, aka ƙara farantan sola, daga baya a 2020 aka cire manyan baturan dalma aka sa na litiyam.

Ban kawo wannan don in rage wa ginin daraja ba. An koyi abubuwa da yawa daga gare shi, kuma masu aikin ba su ɓoye lambobinsu ba, abin a yaba ne. Amma darasin ya fi ƙarfin injiniya. Kyan ginin da kansa ne ya jawo taron da ya karya lissafinsa. Duk wani adadi da aka ce maka na kashi kaza cikin ɗari, ka tambaya: da mutum nawa? Ka kuma tambaya me aka bari a wajen lissafin. Gas ɗin girki, nama da burodi da lemon kwalba da jirgi ke kawowa, sharar da yake komawa da ita, da tafiyar da baƙon ya yi daga ƙasarsa, galibi ba sa shiga cikin adadin da ake rubutawa a allon bakin ƙofa.

Batun ruwa ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum zai ɗauka inda ƙanƙara take ba a ƙishirwa. Gaskiyar ita ce narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara na cin zafi daidai da abin da za ka ɗora ruwan sanyi ƙarara ka kai shi digiri 80. Sabuwar dusar ƙanƙara kuma yawancinta iska ce, sai ka cika bokiti ka narkar ka sami abin da bai fi kofi biyu ko uku ba. A Goûter babu wani ruwa sai wannan. Masu zanen sun yi ginin da siffar ƙwai, suka lulluɓe shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, aka lissafa shi ya jure iska mai gudun kilomita 300 a sa'a. Siffar ba ado ba ce kawai. Iska na zagaya jikin ƙwan ta zubar da dusar ƙanƙara a bayansa, daidai inda aka ajiye wani faffadan faranti mai ɗumi da ke narkar da ita zuwa tankuna. Guguwar da ake tsoro ita aka mayar mai ɗebo ruwa. An yi bazara uku ana aikin, daga 2010, da katakon dazuzzukan yankin, aka buɗe shi a Yunin 2013 da gadaje 120. Ban-ɗakinsa na zuƙe ƙazanta ne da iska kamar na jirgin sama, don kada a ɓarnatar da ruwa.

Sauran masaukai da ba su kai wannan tsayin ba sun dogara ne da ɗan kogin ƙanƙara ko tarin dusar da ke kwana a wani lungu har ƙarshen bazara. Waɗannan su ne ke ƙarewa. Kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na girmansu a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023. A Ostiriya, masaukin Neue Prager ya rufe tun kafin ƙarshen lokacinsa saboda rashin ruwa. Shi ya sa masaukai da yawa ke komawa ga masai marar ruwa, suna kuma rufe wurin wanka. Ina ganin wannan daidai ne. Wanda ya hau mita dubu uku ba ya buƙatar shawa mai zafi, kuma kuskure ne tun farko aka saba masa da ita.

Bayan gida kuwa, ba a son maganarsa, amma shi ne ainihin jarrabawar. A ƙasa mai zafi, abin da aka bari a rami ƙwayoyin halitta na cinye shi cikin watanni. A sanyin tsauni waɗannan ƙwayoyin barci suke yi. Abin da aka zubar bana, baɗi za a same shi yadda yake, kuma idan ƙanƙara ta narke ruwan ƙasa zai bi, zuwa rafin da ƙauyen gindin dutse ke sha. Shekaru da yawa tsofaffin masaukai na da ban-ɗaki da ke leƙe a kan gangare, komai na faɗawa ƙasa. Masaukin Schiestl da ke kan tsaunin Hochschwab a Ostiriya, mita 2,154, wanda aka buɗe a 2005, misali ne na yadda ake ɗaukar abin da gaske. Dutsen wurin farar ƙasa ce mai huda-huda, duk abin da ya zuba a sama yana tsiyayewa zuwa maɓuɓɓugan da Biyana, babban birnin ƙasar, ke jan ruwan sha daga gare su tun 1910. Don haka aka yi masai marar ruwa, ruwan wanke-wanke ana tace shi matakai da yawa kafin a sake shi, busasshen abin da ya rage kuma a sauko da shi ƙasa. Ruwan shansu na sama ne, daga rufi zuwa tanki. An fi saninsa da cewa yana cikin masaukan tsauni na farko da aka toshe sosai har ba sa buƙatar ɗumamawa sai kaɗan, amma ni abin da ya fi muhimmanci shi ne mutanen Biyana na buɗe famfo ba tare da sun san akwai masauki a saman ruwansu ba.

Idan ruwa da masai suna da iyaka, to dole baƙi su kasance da iyaka. Nan ne maganar ta fita daga hannun mai zanen gini ta koma ta hukuma da kuɗi. Da aka sabunta masaukin Hörnli da ke gindin tsaunin Matterhorn na Suwizalan a 2015, shekara 150 bayan hawan tsaunin na farko, rage gadaje aka yi, daga 170 zuwa 130, aka kuma hana kafa tanti a kewaye. A Mont Blanc, tun 2019 ba a barin mutum ya bi hanyar Goûter sai ya nuna ya kama gado. Akwai masu ƙorafi cewa wannan ya mayar da dutse na masu kuɗi, kuma ƙorafin ba banza ba ne, domin raguwar gado na zuwa da tsadar gado. Matashin da ba shi da hali, wanda a da zai kwana a tantinsa, yanzu an rufe masa ƙofa. Ina tare da ƙayyade yawan mutane, amma ba na tare da a bar farashi kaɗai ya yi zaɓen. Ana iya ware gadaje masu rahusa, ana iya yin ƙuri'a. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce kowa ya zo, sannan a ce ginin ba ya cutar da wurin.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu labarin ƙasashe ne masu jirage da miliyoyi. A Nepal, hanyar Everest, lamarin daban ne. Masaukan can gidajen mutanen Sherpa ne da aka faɗaɗa. Tsakiyar ɗakin cin abinci akwai murhun ƙarfe, da yamma mai gida ta zuba masa busasshen kashin yak, wato shanun tsaunin masu gashi, ta ɗiga ɗan kananzir ta kunna, baƙi su jawo kujeru su kewaye shi, babbar buta na tafasa a kai. Ɗakunan kwana kuwa siririn falanki ne ya raba su, ba wuta ba komai, ruwan gorarka na daskarewa a gefen gado. A tsakar gida za ka ga wani babban faranti mai ƙyalli kamar tauraron ɗan'adam, an ɗora buta a tsakiyarsa, rana na dafa ruwa. Tun da aka kafa gandun dajin Sagarmatha, wanda Everest ke cikinsa, a 1976 aka taƙaita saran itace, domin bishiyar da ke girma a wannan tsayin tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta kai gwiwa.

A nan abin da ake buƙata ba kwamfutar hasashen yanayi ba ce. Tagogi masu gilashi biyu, abin tare sanyi a rufi da bango, ɗakin rana a gefen kudu, murhun da ba ya hayaƙi a cikin ɗaki, da bangon da aka ɗaure da katako ko ƙarfe don girgizar ƙasa, wadda ta rusa gidaje da yawa a yankin a 2015. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuwa a bayan mutum yake hawa. Daga Lukla, inda ƙaramin jirgi ke sauka, 'yan dako ne ke ɗaukar falanki da kwanon rufi da gilashi, da igiya a goshi, wani lokaci kayan ya fi nauyin jikin mai ɗauke da shi. Haka kuma su ne ke sauko da shuɗɗan gangunan bayan gida daga sansanin Everest zuwa ramuka kusa da Gorak Shep, sama da mita 5,000, inda sanyi ba ya barin komai ya ruɓe. A 2024 hukumar yankin ta wajabta wa mahaya su riƙa dawowa da nasu a leda daga saman dutsen.

Abin da ke ci mini rai shi ne, shekaru da yawa mutumin da ya ɗauko bangon masaukin a bayansa ba shi da wurin kwana a ciki. 'Yan dako kan kwana a kogo ko a wata rumfa, da bargo ɗaya. Mutuwar wani ɗan dako da aka sallama ba shi da lafiya ya sauka shi kaɗai ce ta sa aka kafa ƙungiyar kare 'yan dako ta duniya a 1997, kuma daga cikin ayyukan da aka yi akwai masaukin 'yan dako da ɗakin magani a Machermo, a hanyar Gokyo. A tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya ma, masaukin Kibo da ke kusan mita 4,700 ba shi da ruwa ko ɗigo, 'yan dako ne ke hawa da shi a jarka daga wurin ɗibar ruwa na ƙarshe. Ban yarda a kira gini mai ɗorewa ba idan zanensa bai nuna inda waɗannan mutanen za su kwana, su busar da kayansu, su ji ɗumi ba. Haka nan ƙananan mafaka na gaggawa a kan mashigai masu tsayi sun fi wani otal mai ƙyalli amfani. A Oktoban 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe sama da mutum 40 a yankin tsaunin Annapurna na Nepal, da yawa a kewayen mashigin Thorong La, cikinsu har da 'yan Nepal masu jagora da dako.

Ko wutar ruwa, wadda ake ganin ita ce mafi tsabta, ba ta tsira daga halin tsauni ba. A Agustan 1985 tafkin Dig Tsho, wanda narkewar ƙanƙara ta tara, ya fashe ya share tashar lantarkin da ake gab da kammalawa don garin Namche da ke hanyar Everest. Aka sake gina wata kusa da Thame da taimakon Ostiriya, ta fara aiki a 1995. A Agustan 2024 wata ambaliyar irin wannan ta afka wa ƙauyen Thame ɗin.

Wannan ya dawo da mu ga ƙasa, inda muka fara. A manyan tsaunuka, dutsen da kake gani kamar dunƙule ɗaya a tsattsage yake, kuma abin da ke riƙe da tsagogin ƙanƙara ce da ta shekara dubbai ba ta narke ba. Ita ce simintinsa. Tsaunukan Alps sun ƙara zafi da kusan digiri biyu tun ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya zarce matsakaicin duniya sosai, simintin nan kuma na sakin jiki. Shi ma ginin na iya ƙara wa wutar fetur, don zafin da ke tsiyaya daga ƙasansa na narkar da abin da yake tsaye a kai. Saboda haka ake ɗaga sababbin masaukai a kan ƙafafun ƙarfe, iska mai sanyi na wucewa ta ƙarƙashi, ana kuma kafa turaku mitoci da yawa cikin dutse. Wasu ƙafafun ana iya juya su a daidaita ginin idan gefe ɗaya ya nutse.

Amma akwai inda dabara ba ta kai ba. A 1998 wani ɓangare na dutsen da ke ƙarƙashin masaukin Cosmiques a Mont Blanc ya zube, sai da aka ɗaure sauran da ƙarafa. Masaukin Hochwilde a Ostiriya an rufe shi a 2016 saboda harsashinsa na motsi. Na Pilatte a tsaunukan Écrins na Faransa, ginin dutse na shekarun 1950, kogin ƙanƙarar da ke tokare da gangaren da yake kai ne ya janye, dutsen ya fara zamewa, bango ya tsage, aka rufe shi a 2021. Na Mutthorn a Suwizalan ya bi sahu ba da jimawa ba. Babu ɗaya daga cikinsu da sola za ta cece shi.

Shi ya sa nake ganin hanya mafi hankali ita ce a daina gina masauki kamar zai zauna har abada. Ƙaramin masaukin Gervasutti da aka kafa a 2011 a ɓangaren Italiya na Mont Blanc, mita 2,835, kamar gangar jirgin sama yake, an yi shi gunduwa-gunduwa da kayan da ake ƙera jiragen ruwa na wasa, mai kwanar da mutum 12. Jirgi ya kawo gunduwoyin aka haɗa cikin 'yan kwanaki, yana tsaye a kan ƙafafu kaɗan da aka ɗaure a dutse. Ranar da wurin ya ƙi, jirgin da ya kawo shi zai iya ɗauke shi, ba abin da zai rage sai ramukan ƙusoshi. Kayan da aka yi shi da su ba masu ruɓewa ba ne, wannan aibi ne, kuma irin waɗannan ƙananan gine-gine masu kyan hoto sun fara jawo masu zuwa ɗaukar hoto su cika gadon da aka tanada don wanda ya shiga uku. Duk da haka, gina abin da ake iya kwancewa da sukurudireba ya fi zuba kankare a kan dutsen da ba a san halinsa nan da shekara talatin ba. Wani lokaci ma amsar ita ce kada a sake ginawa, ko a sauko ƙasa kaɗan inda dutse ya fi tabbas, ko da mahaya za su ƙara sa'a biyu a tafiyar dare.

Ginin da ke wuri mafi tsayi a tsaunukan Alps shi ne masaukin Margherita, mita 4,554, a kan ƙololuwar Gnifetti ta tsaunin Monte Rosa. An buɗe shi a 1893, sarauniyar Italiya da aka sa masa sunanta ta hau da kanta, aka sake gina shi a 1980. Barandarsa na leƙe a kan gangare mai zurfin da ido ba ya son kallo. Tun 2023 masana daga jami'ar fasaha ta Milan suka huda dutsen da ke ƙarƙashinsa suka zura na'urori masu auna zafi da motsi. Baƙi na ci gaba da kwana a sama, na'urorin kuma na aiko da lambobi daga ƙasa, kuma da waɗannan lambobin ne ƙungiyar masu hawan tsauni ta Italiya za ta yanke shawarar irin ɗaurin da dutsen ke buƙata.